Bambancin "edit" da "edit out"

Masu haɗa bidiyo, ku lura da 'yar kalmar nan "out". In ka ce wa edita "edit the interview", gyara hirar kawai zai yi. Amma "edit out the cough" na nufin ya yanke tarin ya fitar da shi ɗungurungum.

Wakilin suna ne ke kayar da mutane. Da suna, duk biyun daidai ne: "edit out the noise" ko "edit the noise out". Amma "it" da "them" dole su shiga tsakiya: "edit it out". "Edit out it" kuskure ne, komai daɗinsa a baki.

Ashar kuwa, in ƙara aka ɗora a kansa ba yanke shi aka yi ba, "bleep out" ake cewa.