Wasiƙa daga Landan: Abin da ke kai ni bakin teku cikin wannan sanyi

Assalamu alaikum 'yan uwa, kowa ya gaida gida. Tun da na fara saka hotunan tsuntsaye a Facebook tambaya ɗaya ke ta zuwa: wai Malam, karatu ka je yi ko kiwo? Wasu sun haɗa da batun biza da kuɗin haya. Duk zan taɓa in Allah ya yarda, amma tsuntsayen tukuna.

Gabas da Landan, inda kogin Thames ke buɗewa ya nufi teku, akwai wata makekiyar fadama mai suna Rainham Marshes. Da can filin koyon harbi ne na soja. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta saye shi a 2000, aka buɗe wa jama'a a 2006. Jirgin ƙasa ke sauke mutum a Purfleet, sauran a ƙafa.

To, sanyi. Kada wani ya ruɗe ku cewa da shigar Maris hunturu ya tafi. A cikin gari gine-gine na tare iska, amma a bakin ruwa ba itace ba katanga, sai ta ratsa riga uku ta iske ƙashi. Ka cire safar hannu don ka saita madubin hangen nesa, kafin ka gama yatsu sun sandare, ido na hawaye, hanci na yoyo, tsuntsun kuma ya yi gaba. Ga tsofaffin Turawa tsaye ƙiƙam da fulas ɗin shayi, ko a jikinsu. Lokacin fita ma teku ce ke yanke maka. Sau biyu take cika a rana, kullum kuma tana jinkirin kusan minti 50. In ruwa ya janye, tsuntsaye na can nesa kan laka, ɗigo-ɗigo. Sai ya fara cikowa yake koro su kusa. Wanda bai duba jadawalin ruwa ba ya sha iska a banza.

Biza dai ku bi shafin gwamnati ku rabu da dillalai. Haya sai wata wasiƙar.

Abin da ya sa ake jure azabar sanyin nan shi ne Maris watan sauyin baƙi ne. Dinyoyin brent da suka yi hunturu a gaɓar Essex, yankin da ke gabas da Landan, na haramar komawa Saibiriya su yi ƙwai. Masu isowa kuwa daga Afirka suke. Cikin na farko akwai wheatear, ɗan tsuntsu mai fari a gindin wutsiya, nauyinsa kusan gram 25, amma ya ƙetaro Sahara da Bahar Rum. Za ka gan shi kan turken shinge yana kaɗa bindi, ya dira cikin ciyawa ya cafki ƙwaro ya dawo. Sai sand martin, ɗan uwan tsattsewa. Bayan farin da aka yi a Sahel a ƙarshen shekarun 1960, da na 1983 zuwa 1984, yawansu ya faɗi warwas a nan. Wato in damina ta gaza a yankin Sahel, Bature na ganin alamar a fadamarsa.

Yadda suka gano haka shi ya fi ba ni mamaki. Masu sa kai ne, ba albashi ba lada, ke ƙirgawa suna rubutawa shekara da shekaru. Da yaron da ke yawo da danƙo a Hadejia-Nguru zai samu littafi da biro, da ya fi su sanin inda kowane tsuntsu ke kwana.

Doka ma na tsaye. A ƙarƙashin dokar 1981 laifi ne ɗaukar ƙwan tsuntsun daji ko lalata sheƙar da yake ciki. Da yake wasu a ƙasa suke sheƙa cikin ciyawa, mai kare kan riƙe igiyarsa, mai kallo kuma ba ya barin turba. A Afrilu sauran masu ƙetaro hamada za su ƙaraso, in sanyin ya bar min yatsu zan turo hotuna.

Naku a Landan.