Milimita biyar tsakanina da tayoyin da nake so

Tun ranar da Hilux ɗina ta kafe a rairayin Inskip Point da ke jihar Queensland ta Ostireliya, muna jiran jirgin fito zuwa tsibirin K'gari, na ƙudurta sai na ɗaga ta. Cikinta ne ya zauna daram a kan yashi, tayoyi suna ta haƙa rami, yara suna ciki, sai da wasu bayin Allah suka ɗaura mana igiya suka jawo mu. Da muka dawo Brisbane na fara tara kuɗi.

Tayoyin da motar ta zo da su 265/65R17 ne, tsayin kowace kusan milimita 776. Ni kuwa raina ya biya ga 285/70R17, waɗanda mutanen nan ke kira inci 33, tsayinsu milimita 831. Wani shago ya yarda ya saka min su nan take, ba tambaya ba komai. Allah ya sa na fara biyawa ta garejin wani dattijon bakanike da ke min sabis. Ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan rasit, ya tura min: bambancin ya kai wajen milimita 55, doka kuwa 50 ta yarda da shi.

Ƙa'idar tana cikin wani kundi da ake kira VSB 14, wanda jihohin Ostireliya ke dogara da shi wajen gyaran ƙananan motoci. Ga mota mai ja da ƙafa huɗu irin tawa, tsayin taya zai iya ƙaruwa da milimita 50, wanda ke ɗaga motar da 25, tunda rabin tayar ne ke ƙasan gatari. Sifirin da shokoziba su ƙara 50. Jimilla 75 ke nan, kuma a nan Queensland wannan ba ya buƙatar takardar kowa. Wanda ke son wuce nan sai ya nemi injiniyan da hukuma ta amince da shi, ya gwada motar, a maƙala mata shuɗin faranti, shi ma iyakarsa 150. Faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama kada ya ƙaru fiye da 50, taya kuma kada ta leƙo waje da madigadi. Wannan 75 ɗin ma ba a banza aka same shi ba. A 2018 'yan sanda sun yi samame a Gold Coast suna raba takardun gyara ga motocin da aka ɗaga, masu motoci suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare gwamnatin jihar ta sassauta wa motoci masu na'urar ESC, wadda ke taka burki da kanta idan mota ta fara sulɓewa.

Gaskiya na ji haushi a ranar. Na girma ina ganin Hilux da Land Cruiser a hanyar Agadas an lafta musu kaya da mutane har sama, babu mai auna komai da tef. Milimita biyar fa, ko kaurin fensir bai kai ba.

Dattijon bai yi min gardama ba, lissafin dai ya ci gaba da yi. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, don haka idan allurar gudu ta nuna 100, motar na iya kasancewa tana gudun 107. Burki kuma an ƙera shi ne don tsayar da ƙaramar taya, ga babbar ta fi nauyi, sai tazarar tsayawa ta ƙaru. Nauyin motar yana hawa sama, ta riƙa kwantawa a kwana. Na'urar ESC ita ma da tsayin kamfani aka saita ta. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar inshora: idan aka yi haɗari aka tarar motar ta saɓa ƙa'ida, kamfanin na iya ƙin biya.

Da dare na zayyana wa uwargida komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baban Fatima, tsibirin nan sau nawa muke zuwa a shekara? Makarantar yara fa kullum ce." Ban sake ta da maganar inci 33 ba.

Abin da har yau ban gamsu da shi ba shi ne yadda kowace jiha ke fassara kundin yadda ta ga dama. Motar da take daidai a Brisbane sai ta zama abin tambaya idan ka tsallaka wata jihar, alhali ƙasa ɗaya ce, kwalta iri ɗaya. Shagon da ke sayar da taya ma ya kamata a ɗora masa nauyin faɗa wa mai saye gaskiya kafin ya karɓi kuɗinsa, domin mai motar ne kaɗai ke kwasar tara a bakin titi.

Na saka 275/70R17, tsayinsu milimita 817, ƙarin 41 ke nan, na ɗaga sifirin da 50, na kira kamfanin inshora suka rubuta gyaran a takarduna. Da muka koma Inskip Point a hutun Satumba, na tsaya tun kafin yashi na sace iskar tayoyin zuwa 18 a ma'aunin iska, kamar yadda dattijon ya ce da na yi tun farko da ban kafe ba. Motar ta ratsa rairayin har cikin jirgi ba ta ko yi tari ba, Fatima tana leƙe ta taga tana nuna wa ƙaninta inda muka maƙale bara.