Tayar baya ce ta kayar da ni, ba ruwan sama ba

Motata mai ƙarfin doki 200 ce, nauyinta bai kai kilo 1,300 ba, kuma ƙafafun baya ne ke tura ta. A irin wannan mota, ruwan farko na damina a Yamai shi ne abin tsoro, domin yana kwaɓa ƙura da tsohon man inji a kan kwalta ya mayar da su kamar sabulu.

Kuskurena a wajen mai taya ya faru. Na sa sababbi biyu a gaba, na sa na hannu biyu a baya, saboda zanensu da zurfi, ya kai milimita 5. Ban duba lambar DOT da ke gefen tayar ba, wadda ke nuna lokacin da aka ƙera ta. Da na duba daga baya, 2314 na gani: mako na 23, shekarar 2014. Roba ta bushe ta yi tauri, ko farce na danna ba ya shiga.

Ina fita daga shataletale a giya ta biyu, na ɗan taka totur, bayan motar ya zame. Fitilar na'urar hana santsi ta yi ta ƙyaftawa, inji ya rage ƙarfi, amma sai da ƙafar baya ta daki dakalin titi. Rim ya lanƙwashe, saitin ƙafa ya tafi.

Na'urar ta yi aikinta. Tana karanta gudun kowace ƙafa ta hanyar na'urorin ABS (tsarin da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki), in ɗaya ta fara juyawa a banza sai ta rage wuta ko ta kama mata birki. Riƙon da taya ba ta da shi, na'urar ba ta iya ƙirƙiro shi. Har yanzu abin yana cin raina, lambobi huɗu kawai zan karanta.

Yanzu tayoyin da suka fi kyau a baya nake sa su, girma ɗaya da na gaba, domin bambancin girma yana rikita lissafin na'urar. Iska kuwa da safe nake aunawa, taya na sanyi, bisa takardar da ke jikin ƙofar direba, tawa bar 2.4 ce a ma'aunin iska. Kada ka bar mai faci ya cika ta da ido. Zane in ya sauka ƙasa da milimita 3, ban shiga damina da ita.

Na'urar ban kashe ta sai mota ta kafe cikin yashi ko taɓo, inda ake son ƙafa ta ɗan juya. Ina hawa kwalta nake mayar da ita.