Sunayen da aka sassaƙa a cocin ƙauye, da namu da suka rage a bakin tsofaffi

A kusan kowane ƙauye na Ingila akwai dutse a harabar coci, ko allon tagulla a jikin bango, mai ɗauke da sunayen 'ya'yan garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, a ƙasa kuma an ƙara na yaƙin 1939 zuwa 1945. Gwamnatin Birtaniya ta hana a mayar da gawarwakin sojojinta gida, aka binne su a Faransa da Beljiyam da sauran wuraren da suka faɗi, don haka iyaye ba su da kabarin ziyarta. Sai mutanen gari suka yi karo-karo suka kafa waɗannan duwatsu, kuma har yau, ranar Lahadi ta biyu a watan Nuwamba, ana taruwa a gabansu, a wurare da yawa ma ana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya dame ni a matsayina na Basakkwace shi ne, mu ma mun ba da 'ya'ya a waɗannan yaƙe-yaƙe. Sojojin Nijeriya sun fafata da Jamusawa a Garwa da Mora cikin Kamaru, sun kuma sha wuya a Mahiwa ta Gabashin Afirka a 1917. A yaƙin Hitila, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Yammacin Afirka sun shiga dazuzzukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau), suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945, kuma da Hausa ake magana a cikin bataliyoyin Nijeriya. An sa wa wani bariki a Legas sunan Myohaung, amma manomin da aka ɗauka daga ƙauyenmu bai dawo ba, sai dai a nemi sunansa a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon a ƙasar Bama, inda jikokinsa ba za su taɓa zuwa ba.

Na san addininmu bai yarda da gini a kan kabari ko kafa gunki ba, kuma ba shi nake nema ba. Rubuta suna dai aikin gadonmu ne, domin malaman Daular Usmaniyya sun ambaci shahidan yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa a rubuce-rubucensu. Bikin 15 ga Janairu, wanda ake ajiye furanni saboda 'yan mazan jiya, yana girmama soja ne a dunƙule, ba ya kiran kowa da sunan ubansa da garinsu.

Ina roƙon hakimai da dagatai su sa a zauna da tsofaffin kowace gunduma, a rubuta wanda ya tafi da wanda bai dawo ba, har da waɗanda muka rasa a yaƙin basasa da yaƙin Boko Haram, a kai kundin gidan tarihi na Waziri Junaidu, a bar kwafi a fadar hakimi inda kowane jika zai iya dubawa.