Bayan Beatles, Wa Ya Cancanci Matsayi Na Biyu?

Gardamar wace ƙungiyar kiɗan rok ce ta fi kowace girma a tarihin Birtaniya ba ta daɗewa a kan matsayi na farko. A majalisarmu ta daren Alhamis a nan Jidda, inda Hausawan Najeriya da na Nijar da waɗanda aka haifa a Makka ke haɗuwa a bakin teku bayan sallar isha'i, har wanda bai damu da Beatles ba yakan sallama musu ba tare da dogon ja-in-ja ba. Samari huɗu ne daga Liverpool, faifansu na farko ya fito a 1962, kuma a 1970 sun riga sun watse. A cikin wannan ɗan taƙin sun taɓa mamaye matsayi biyar na farko a jadawalin waƙoƙin Amurka a mako guda, cikin watan Afrilun 1964, sannan suka daina yawon wasa gaban jama'a a 1966, suka shige situdiyo tare da mai tsara musu faifai, George Martin, suna gwada abubuwan da ba a saba ji a faifai ba. George Harrison ya koyi kiɗan sita na Indiya a hannun Ravi Shankar, ya shigo da shi cikin waƙoƙinsu. Duk ƙungiyar da ta zo bayansu ta tarar sun share mata hanya, don haka ni ma ban da ja a nan.

Inda murya ke tashi shi ne matsayi na biyu, kuma a nan ne nake da abin faɗa.

Matasanmu, musamman haifaffun Saudiyya, Queen suke goyon baya. Hujjarsu ita ce muryar Freddie Mercury, wanda aka haifa a Zanzibar a 1946, da kuma wasan da ƙungiyar ta yi a filin Wembley ranar 13 ga Yulin 1985, a taron Live Aid da aka shirya domin tallafa wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha. Kusan minti ashirin kawai aka ba su, amma har yau idan aka buɗe bidiyon a waya sai ka ga kowa ya matso, yana kallon yadda mutum ɗaya yake rera sauti, dubban mutane suna amsa masa kamar ya daɗe yana koyar da su. Ban raina wannan baiwa ba ko kaɗan. Sai dai ni a ganina Queen gwanaye ne na waƙa ɗaiɗai. Idan ka sa kundinsu daga farko zuwa ƙarshe za ka tarar da masu kyau ƙwarai a gauraye da waɗanda ba za ka sake nema ba. Akwai kuma abin da a matsayina na ɗan Afirka ba na iya kau da kai daga gare shi: a 1984 sun je sun yi wasa a Sun City, wani wurin shaƙatawa a Afirka ta Kudu, a lokacin da duniya ke ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata.

Dattijon majalisarmu, wanda duk muke kira Baba, ya yi ƙuruciyarsa a Legas kafin ya zo nan, kuma shi Rolling Stones yake riƙe da su. Yakan ce mini, "Ɗana, kai ƙarar kiɗa kake ji, ni kuwa juriya nake dubawa." Ba a rasa gaskiya a maganarsa ba. An kafa ƙungiyar a Landan a 1962, makaɗin gangarsu Charlie Watts ya zauna da su tun daga 1963 har rasuwarsa a 2021, kuma a 2023 sun sake fitar da sabon kundi. Sun kuma yi abin a yaba wajen nuna wa duniya inda suka samo kiɗansu, domin ko sunan ƙungiyar daga wata waƙar Muddy Waters, mawaƙin buluz na Amurka, suka ɗauko shi. Amsata ga Baba, cikin ladabi, ita ce mafi kyawun aikinsu yana tsakanin 1968 da 1972, kuma abin da ya biyo baya galibi maimaici ne na abin da suka riga suka ƙware a kai.

Ni Led Zeppelin nake ba matsayi na biyu, kuma dalilina na farko ganga ce. Kunnen Bahaushe ya saba fara neman makaɗi kafin ya saurari mawaƙi, kuma a duk ƙungiyoyin nan babu inda ganga ta zama ginshiƙin gida kamar a hannun John Bonham. A kundinsu na huɗu, na 1971, akwai waƙar da aka ɗauki kiɗanta a wani tsohon gida da ake kira Headley Grange: aka ajiye gangunan a zauren da ke ƙasan matakala, aka rataye makirfo biyu daga sama, shi ya sa kowane bugu yake fitowa da faɗi da nauyi, kana jin bangon gidan yana mayar da amo. A waƙar "Kashmir" ta 1975 kuwa, jitar Jimmy Page tana tafiya da ƙidayar uku uku, gangar tana tafiya da huɗu huɗu, sai sun rabu sun yi nisa sannan su haɗu a bugu na goma sha biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan daɗin, inda kowace taɓarya ke da lokacinta amma sautin ɗaya ne.

Dalili na biyu shi ne inda suka karkata kunnuwansu. Mawaƙinsu Robert Plant ya samo kalmomin "Kashmir" ne daga wata doguwar tafiya da ya yi a mota a kudancin Maroko, kuma ya sha bayyana yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta yi tasiri a kansa. Mu da muke jin Ummu Kulsum a tasi da shagunan Jidda, ba sai an yi mana bayani ba; muna gane yadda yake jan harafi yana lanƙwasa shi kafin ya sake shi. A 1994 shi da Page sun sake kaɗa tsofaffin waƙoƙinsu tare da makaɗan Masar da na Maroko, sannan a 2003 Plant ya je har hamadar Mali, kusa da Timbuktu, ya hau dandamali a bikin kiɗan da Buzaye suke shiryawa a lokacin. Wannan ya wuce sha'awar ɗan yawon buɗe ido.

Suna da nasu laifin, kuma babba ne. Sun ɗebi baitoci da sautuka daga mawaƙan buluz, baƙaƙen fatar Amurka, ba tare da sun rubuta sunayensu a kan faifai ba, har sai da Willie Dixon ya kai su ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, aka sa sunansa. A wannan fanni Rolling Stones sun fi su riƙon amana, kuma duk lokacin da Baba ya tayar da zancen ba na musa masa. Abin da ya sa duk da haka ban sauke su ba shi ne shawarar da suka yanke bayan Bonham ya rasu a watan Satumban 1980. Suna kan ganiyarsu, filayen wasa na cika, amma kafin shekarar ta ƙare suka sanar da cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba. Da suka haɗu domin cikakken wasa a Landan a 2007, ɗansa Jason ne ya zauna a kan gangar.

Saboda haka jerina shi ne Beatles, sai Led Zeppelin, sai Rolling Stones, sai Queen. Na biyar bai zauna ba har yanzu. Wani direba a cikinmu da ke yawan bin hanyar Madina da dare yana cewa babu abin da ya kai Pink Floyd, musamman kundinsu na 1973, wanda aka tsara domin a saurare shi a jere ba tare da tsallake ba. Wani ɗan Agadas kuma ba ya yarda a tashi ba a ambaci Dire Straits ba, domin Bombino, gwanin jitar garinsu, da kallon bidiyon Mark Knopfler, makaɗin jitar Dire Straits, da Jimi Hendrix ya goge hannunsa. Baba kuwa yakan tuna mana da Cream, saboda makaɗin gangarsu Ginger Baker ya zauna a Legas, ya buɗe situdiyo, ya kuma yi faifai tare da Fela Kuti a 1971. Idan aka matsa mini, Pink Floyd zan zaɓa, amma hujjar ɗan Agadas tana da ƙarfi, kuma ya yi alkawarin kawo faifan Bombino mu gwada shi da na Knopfler.