Abin da ke cinye jarin magani a asibitocin karkarar Filato

Tun 1987, da ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako, aka amince da dabarar asusun juya magani: a ba ƙaramin asibiti jari, ya sayar da magani da ɗan ƙari, ya sake saye da kuɗin. A baki abin ba wuya. Amma aiki da asibitocin sha-ka-tafi, daga kewayen Jos har gangara Wase da Shendam, ya koya mana cewa asusun ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali yake narkewa, kuma galibi daga wajen sa farashi ɓarnar take farawa.

Ma'aikaci yakan ɗora ƙarinsa a kan kuɗin da ya sayo kaya. Tun da naira ta faɗi a tsakiyar 2023 wannan lissafi ya daina aiki. A ce an sayo kwali naira 10,000, an sayar 11,500, ranar komawa wajen dillali sai a tarar ya kai 14,000. Ba wanda ya saci ko kwabo, amma kantar magani ta rame. Da kuɗin sake saye ake yanke farashi, a haɗa kuɗin mota da na abin da zai lalace, a duba duk wata, a manna takardar a bango kowa ya gani.

Sai bashi. Ba mai tausayin da zai kori uwa da yaro yana suma don ba kuɗi a hannunta, kuma bai kamata a kore ta ba. Sai dai duk ƙwayar da ta fita kyauta dole a san mai biyanta: asusun kiwon lafiya matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ko PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, ko gudummawar gari. A rubuta a littafi daban. Kuɗin magani kuma ya zauna a asusun banki nasa shi kaɗai, da sa hannun shugaban asibiti da na shugaban kwamitin unguwa. Ranar da aka ciri na man janareta daga ciki da niyyar mayarwa, da wuya ya dawo.

Wajen saye, gara kaya kala kaɗan da ba sa yankewa da kanta cike da maganin ƙarin jini mai tsada. A saya da sunan sinadari maimakon sunan kamfani, asibitocin ƙaramar hukuma su haɗa odarsu wuri guda su samu farashin sari, a duba lambar NAFDAC, a kankare lambar tantancewa a tura ta waya. Maganin maleriya da kayan gwaji a shigo da su kafin damina ta kankama, domin a Agusta zazzaɓi ya yi yawa, hanya kuma ta yanke. Babban mutum ƙwaya 24 na maganin maleriya artemether-lumefantrine mai ƙarfin 20/120 yake buƙata, huɗu safe huɗu yamma har kwana uku. Sayar masa da rabi saboda kuɗinsa bai kai ba asara ce biyu, gara a gwada jininsa tukuna, wataƙila ma ba maleriya ba ce.

Sanyin Jos yana ruɗin masu tsara aiki. Yawancin ƙwayoyi ba sa son zafin da ya haura digiri 30, ɗakin kwano marar silin a Shendam cikin watan Maris kuwa ya wuce nan. Allurar oxytocin ta tsayar da jini bayan haihuwa tana son firji, digiri 2 zuwa 8. In ta sha zafi kamanninta ba ya canzawa, ƙarfinta ne ke tafiya, ungozoma ba za ta gane ba sai jini ya ƙi tsayawa. A ɗora kwalaye a kan katako nesa da bango, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne a gaba, a cike katin shiga da fita a ranar da aka taɓa kaya, a kuma tura oda tun da sauran na wata biyu a kanta.