Ziyarar Ƙauyen Leburorin Rake a Waipahu

Daga Honolulu na shiga bas na nufi yamma, muka bi ta gefen mashigin ruwan Pearl Harbor har muka isa Waipahu, wani gari a tsibirin Oahu na jihar Hawaii ta Amurka wanda noman rake ya raya shi. Tun daga nesa ake hango dogon bututun hayaƙi na tsohuwar masana'antar kamfanin Oahu Sugar, wanda aka kafa a 1897 ya kuma daina aiki a 1995. A gangaren da ke ƙasa da ita gidan tarihin Hawaii's Plantation Village yake, kuma tun 1992 ake karɓar baƙi a cikinsa.

Wurin ƙauye ne sukutum, mai gidajen katako irin waɗanda kamfanoni suke ba leburorinsu, an zuba musu kayan ɗaki da tukwane da tufafin da iyalan ma'aikata suka bayar. Dattijuwar da ta yi mana jagora 'yar sa-kai ce, kuma ta bi da mu gida-gida. Masu gonaki sun nemi ma'aikata daga ƙetare ne bayan cututtukan da baƙi suka shigo da su sun rage 'yan asalin ƙasar ƙwarai. Sinawa suka fara zuwa a 1852, sai 'yan Fotugal a 1878, Jafanawa kuma suka riƙa tururuwa daga 1885. Mutanen Koriya sun iso a 1903, na Filifin a 1906. Mun ga tanderun burodi a bayan gidan 'yan Fotugal, da ɗakin wanka na ruwan zafi da ƙaramin wurin ibada na Jafanawa.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban wasu ƙananan farantai na ƙarfe masu lamba, waɗanda a can ake kira "bango". Kowane lebura yana rataya nasa, da shi ake biyansa albashi, da shi yake cin bashi a kantin kamfani, da lambarsa kuma masu sa ido a gona suke kiransa, suna bisa dawakai, wasu da bulala a hannu. Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin mutumin da ya bar iyayensa ya ƙetare teku da niyyar tara ɗan jari ya koma gida, sai ga shi ko sunan da aka raɗa masa ba a kula da shi. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar rake ya san yadda ganyensa yake yanka fata da sa ƙaiƙayi, to ɓare busasshen ganyen nan mata ne suka fi yinsa, suna naɗe hannu da fuska da tsumma cikin zafin rana, na tsawon awa 10. Wasunsu auren hoto ne ya kawo su daga Jafan ko Koriya, ba su taɓa ganin mijin ba sai a tashar jirgin ruwa.

Da gangan kamfanoni suka ware wa kowace al'umma unguwarta, suka kuma bambanta albashi bisa asali ko da aiki iri ɗaya ne, don kada baki ya zo ɗaya. Amma a gona lokacin cin abinci kowa yakan buɗe kwanonsa a ci tare, kuma a irin wannan cuɗanya wani harshen gama-gari ya tsiro wanda har yau ake magana da shi a Hawaii. Yajin aikin 1909 na Jafanawa ne kaɗai, an kuwa murƙushe shi ta hanyar ɗauko wasu ma'aikata a madadinsu. A 1920 Jafanawa da 'yan Filifin suka fita tare, aka kori iyalai daga gidajen kamfani a daidai lokacin annobar mura. Sai a 1946, da kowace al'umma ta shiga ƙungiyar ƙwadago guda, ma'aikata kusan 26,000 suka ajiye aiki kwana 79, suka samu ƙarin albashi, aka kuma soke tsarin da ya sa matsugunin lebura yake cikin ladansa, wanda da shi kamfani yake riƙe wuyan mutane.

A ganina wannan ɓangare ya cancanci fili fiye da wanda na gani an ba shi, domin gidajen tsaf suke, ga bishiyoyi da inuwa, har baƙo yana iya ɗauka zaman daɗi aka yi. Yanzu babu sauran babbar gonar rake a jihar, tun da ta ƙarshe, wadda ke tsibirin Maui, ta rufe a 2016.